Alsace a kan keken tsere: hanyar cikin gonakin inabi ko titin mota?

Sani_Maradi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san yankin Alsace na gabashin Faransa. Mu uku ne, muna so mu yi kwana uku a kan keke daga wajen Strasbourg zuwa Thann, ta cikin gonakin inabi da tsofaffin ƙauyukan nan. Kekunanmu na tsere ne, faɗin taya milimita 25, giyar gaba mai haƙora 53/39, ta baya mai haƙora 11-25. A taswira ina ganin hanya biyu masu kusan suna ɗaya, wata kilomita 170, wata ba ta kai haka ba. Wacce ce ta keke? Kuma kekunan za su iya a yadda suke? Ƙarshen Satumba muka sa.

Bakanike_Colmar:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Hanya biyu ce daban, kada ku haɗa su. Mai kilomita 170 ɗin ita ce "Route des Vins", wato Hanyar Barasar Inabi, wadda aka buɗe a 1953 domin masu mota. Titi ne na kowa, motocin 'yan yawon buɗe ido da manyan bas duk nan suke bi. Taku ita ce "Véloroute du Vignoble", kilomita 130 da 'yan kai, daga Marlenheim zuwa Thann, kuma wani yanki ce na babbar hanyar keken Turai mai lamba 5, wato EuroVelo 5. A kan allunan za ku ga hoton keke da lambar 5 a cikin da'irar taurari. Mafi yawanta kwalta ce, tana bin ƙananan hanyoyin manoma da tsohon layin dogo, ta ratsa Molsheim, Rosheim, Obernai, Barr, Dambach-la-Ville, Châtenois, Bergheim, Turckheim, Eguisheim, Rouffach har Cernay da Thann.

Idan an tsaya a kanta kawai, keken tsere zai iya. Matsala tana farawa ne in kun ratse domin ganin ƙauyukan da ke saman tudu, kuma za ku ratse, don su ne dalilin zuwan.

Hajiya_Rabi_Freiburg:
Ƙari a kan na Bakanike: Marlenheim jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Kada ku ɓata safiya wajen neman yadda za ku kai can. Daga Strasbourg ku bi hanyar keken da ke gefen magudanar Bruche, wadda Vauban, injiniyan sojan Faransa, ya haƙa a 1682 don jigilar duwatsun ginin ganuwar Strasbourg. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu mota, kusan kilomita 20, ta sauke ku dab da Molsheim. Daga nan kun shiga hanyar inabin.

Dan_Gobir53:
Ni ban yarda a canza komai a keken ba. Alsace ai fili ne, kwarin kogin Rhin. Mai 39/25 ya isa.

Bakanike_Colmar:
Dan_Gobir, filin yana gabas, wajen kogin. Inabi ba a fili ake shuka shi ba, a gindin duwatsun Vosges ake shuka shi, inda ƙasa ta karkace tana fuskantar rana. Hawan ba dogaye ba ne, mita 300 ne ko 800, amma wasu suna kai kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ga lissafin: 39 a gaba da 25 a baya, duk juyin feda ɗaya wili yana juyawa sau 1.56. Idan 34 ne da 32, sau 1.06. Da kaya kilo biyar ko shida a bayan sirdi, mai 39/25 dole ya miƙe tsaye yana danna feda a hankali, kuma a kwana na biyu gwiwa ce za ta biya kuɗin.

Mafi sauƙin gyara shi ne a sa ta baya 11-30 ko 11-32. Amma a fara duba abin da ke canza giyar baya. Idan mai gajeren hannu ne, sau da yawa iyakarsa haƙori 28 ko 30. In aka tilasta masa 32, ƙaramin gargarensa na sama zai riƙa gugar haƙoran, ko sarƙa ta yi gajarta ta fizge shi in an haɗa babba da babba. Sabuwar giya sai da sabuwar sarƙa mai tsawon da ya dace. Tsohuwar sarƙa da ta miƙe tana tsalle a kan sabbin haƙora daidai lokacin da aka danna da ƙarfi.

Dan_Gobir53:
Na ji batun kaya a baya. Amma har yanzu ina ganin 11-28 ya wadatar ga mai ƙwari, in dai ba za su hau dutsen gaske ba.

Ummu_Fadila:
Tayar ce ta fi damuna fiye da giyar. Tsakiyar Obernai, Ribeauvillé, Riquewihr da Eguisheim duk daɓen ƙananan duwatsu ne, ba kwalta ba. Sannan a hanyoyin cikin gona akwai kwatar ruwa ta siminti ko ta ƙarfe da ke yanka hanya a gicciye, galibi a ƙarshen gangara, inda gudu ya fi yawa. Taya 25 in ta daki bakin kwatar, tiyub yana matsewa tsakanin taya da bakin wili, ya huje wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. In an cika iska sosai don gudun haka, keke ya riƙa tsalle a kan daɓen, birki ya ƙi kamawa da kyau.

Ku sa 28, in jikin keken ya ba da wuri ku sa 30 ko 32. Yadda ake gwadawa: bayan an sa tayar, a bar aƙalla milimita 4 tsakaninta da ƙarfen keke ta kowane gefe, da kuma ƙarƙashin birki. Mai nauyin kilo 75 a kan taya 28, iska "bar" 5 zuwa 5.5 a ma'aunin famfo ta isa, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Kowa ya riƙe tiyub biyu, faci da gam, ƙarfen cire taya biyu, ƙaramin famfo, da mahaɗin sarƙa daidai da adadin giyarsa.

Sani_Maradi:
Na gode Ummu_Fadila. Kekena birkin roba ne mai kama wili, ina jin 28 ce iyaka. Batun lokacin fa? Ƙarshen Satumba ya yi?

Malam_Idi_Mulhouse:
Ya yi ta fuskar yanayi, ba zafi ba sanyi, kuma yankin Colmar yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, kusan milimita 600 a shekara, don duwatsun Vosges suna tare gajimaren da ke zuwa daga yamma. Amma lokacin girbin inabi ne. Hanyoyin da za ku bi na manoma ne kafin su zama na keke. Tun da sassafe tarakta suna ja da tirela, suna fitowa daga tsakanin layukan inabi ba tare da direba ya hango ku ba. Suna barin laka da matsattsen inabi a kan kwalta, kuma wannan ya fi ruwa santsi, musamman a kwana. In kun ga tabo mai duhu a lanƙwasa, ku rage gudu kafin ku shiga, kada ku taɓa birkin gaba kuna karkace.

Rana kuma ta fara gajarta. Magariba tana faɗuwa wajen 7 da kwata na yamma a ƙarshen watan, ba kamar Yuni ba da ake kaiwa 9 da rabi. Ku tsara ku sauka masauki kafin 6. Da safe hazo yana kwanciya a kwari har wajen 9 ko 10.

Wanda ke son hanya ba hayaniya, Mayu da Yuni sun fi. Sai dai lokacin feshi ne, ana fesa farar wuta da maganin jan ƙarfe a kan ganye. In an ga injin feshi kuma iska na kaɗowa wajen hanya, a tsaya ya wuce.

Abu_Huzaifa:
Don Allah ku yi mini uzuri, amma ya kamata a tambaya. Wuri ne da aka san shi da barasa, har sunan hanyar ma nata ne. Musulmi ya dace ya ɗauki ƙafa ya je yawo can?

Malam_Idi_Mulhouse:
Tambaya ce mai kyau, Malam. Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wurin yake: gonaki ne da ƙauyuka da hanyar gwamnati. Ɗakunan ɗanɗana barasar a cikin gidajen manoma suke, sai wanda ya tura ƙofa ya shiga. Inda za a yi hattara shi ne abinci da abin sha, don nan ne mutum ke faɗawa bai sani ba. A watan Satumba da Oktoba ana sayar da wani abu mai kama da ruwan inabi, mai zaƙi da gurɓi-gurɓi, suna ce masa "vin nouveau" ko da yarensu "neier siasser". Ya riga ya fara tsami, akwai maye a ciki. Ruwan inabi zalla shi ne wanda aka rubuta "jus de raisin" a kwalbarsa.

Ummu_Fadila:
Abincin gargajiyarsu kusan duk da alade. "Choucroute" kabeji ne mai tsami da naman alade. "Tarte flambée" ana barbaɗa mata gutsattsarin alade, amma ana iya cewa a yi ta ba shi, da albasa da kirim kawai ko da laimar kwaɗi. "Baeckeoffe" nama uku ne har da alade, an jiƙa su cikin barasa. Ko kifi aka zaɓa a tambayi miyar, suna yawan dafa ta da riesling, wata barasar inabi. Biredin "kougelhopf" ma wasu suna jiƙa zabibinsa a barasa, a tambayi mai gashi. Nama na halal yana samuwa a manyan garuruwa inda Turkawa da 'yan Magrib suke, irin Strasbourg, Sélestat, Colmar da Mulhouse. A ƙananan ƙauyuka, biredi, cuku, ƙwai da 'ya'yan itace.

Kuma ku sani, Alsace tana da dokar gida da ta gada tun zamanin mulkin Jamus, ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke. Ku yi sayayyar Lahadi tun Asabar. Gidan abinci kuma daga 12 zuwa 2 ne, bayan nan kicin a rufe sai dare.

Abu_Huzaifa:
Na gamsu da bayanin abincin. Batun zuwan kansa zan tambayi malami.

Zinder_Velo:
Salla ba wuya. Babban masallacin Strasbourg, wanda aka buɗe a 2012, yana kan hanyarku ta farawa, Colmar da Mulhouse ma akwai masallatai. Alƙibla kudu maso gabas. Ruwan alwala da na sha: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa. Amma maɓuɓɓugan ado na tsakiyar ƙauye, masu furanni, yawancinsu an rubuta "eau non potable", ba na sha ba ne. Gora biyu ta milimita 750 ga kowane mutum, a sha kusan rabin lita duk awa. Guzuri kuwa dabino ya fi duk wani abin leda: shida zuwa takwas a awa yana ba da abin da ƙafa ke nema. Kada a jira yunwa.

Kuma kada a tsinki inabi a gona ko da reshe ya leƙo hanya. Dukiyar mutane ce, ga kuma ragowar maganin feshi.

Hajiya_Rabi_Freiburg:
Lita dubu nawa ce gorar, Zinder_Velo? Mililita kake nufi.

Zinder_Velo:
Mililita 750, haka ne Hajiya, na gode.

Tarihi_Tukuna:
Kun cika maganar ƙarfe da roba, ku bar ni in faɗi inda ya cancanci a sauka daga keke. Yankin nan ya sauya hannu sau huɗu cikin shekara 75: Jamus ta karɓe shi a 1871, Faransa ta dawo da shi a 1918, Jamus ta sake mamaye shi a 1940, aka ƙwato shi a 1944 zuwa 1945. Shi ya sa sunayen ƙauyuka na Jamusanci ne amma alluna na Faransanci.

Molsheim nan Ettore Bugatti ya kafa masana'antar motarsa a 1909. Sélestat tana gefen hanya kaɗan, tana da ɗakin karatu tun 1452. Riquewihr da ganuwarta da gidajen katako na ƙarni na 16 ta tsira daga yaƙi, amma sai an ratse an hau tudu, kuma babban titinta cike yake da masu tafiya a ƙasa, keke sai a tura shi da hannu. Ku isa kafin 10 na safe. Kaysersberg nan aka haifi Albert Schweitzer a 1875, likitan da ya gina asibiti a Lambaréné ta Gabon. Eguisheim titunanta zagaye suke kamar zobe cikin zobe. Turckheim har yanzu mai gadin dare yana zagaya gari da fitila da ƙarfe 10, daga Mayu zuwa Oktoba.

Wurin da na fi so ku tsaya shi ne Sigolsheim. Za ku lura Bennwihr, Mittelwihr da Sigolsheim gidajensu sababbi ne, ba kamar maƙwabtansu ba. Ragargaza su aka yi a faɗan ƙwato Colmar a Yaƙin Duniya na Biyu, daga Disamba 1944 zuwa Fabrairu 1945. A saman tudun Sigolsheim akwai maƙabartar sojoji, kaburbura kusan 1,600, kusan rabinsu na Musulmi ne. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, nan za a san amfanin giyar da Bakanike ya faɗa.

Dan_Gobir53:
Sojojin Afirka ta Yamma ne ke nan, irin kakanninmu na Nijar da aka kai yaƙin?

Tarihi_Tukuna:
Galibinsu 'yan Maroko, Aljeriya da Tunisiya ne. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi faɗan tun daga saukar dakarun ƙawance a Provence, kudancin Faransa, a Agusta 1944, amma a kakar wannan shekarar aka janye mafi yawansu daga bakin daga, aka maye gurbinsu da 'yan gwagwarmayar cikin Faransa, kafin faɗan Colmar. Duk da haka a tsaya a yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu.

Sani_Maradi:
Amin. Mu koma kan tsarin kwanakin. Yaya za mu raba, kuma gidan sarautar nan na kan dutse, Haut-Koenigsbourg, zai shiga?

Bakanike_Colmar:
Kwana na farko Strasbourg zuwa Obernai ko Barr ta magudanar Bruche. Na biyu zuwa Colmar ko ɗaya daga ƙauyukan kewayenta, shi ne mai yawan tsayawa. Na uku Eguisheim, Rouffach, Thann. Kowace rana kilomita 45 zuwa 60, ya danganta da ratse. Kada ku yi lissafi da gudun kilomita 28 a awa irin na atisaye. Da alluna da kwanoni da ƙauye duk bayan kilomita uku ko huɗu, 17 zuwa 20 ne na gaskiya.

Haut-Koenigsbourg yana kan dutse mai tsayin mita 757. Sarkin Jamus, Kaisa Wilhelm na biyu, ne ya sa aka sake gina shi daga 1900 zuwa 1908. Daga Kintzheim ko Saint-Hippolyte hawan kusan kilomita 8 ne, a tashi mita 500, matsakaicin kashi 6 cikin ɗari. Da kaya ku ba shi minti 45 zuwa awa ɗaya. A kwana na biyu yake faɗowa, kuma in kun sa shi sai kun rage ƙauye ɗaya ko biyu.

Saukowa ita ce abin kula ga mai birkin roba. In aka riƙe birki ba saki tun daga sama, wili yana ɗaukar zafi, robar ta yi laushi ta rage kamu, tiyub ma yana iya fashewa. A matse da ƙarfi kafin kwana, a saki, a bar wili ya sha iska. A duba robar kafin tafiya: in tsagin da ke jikinta ya shafe, a canza. A cire ƙananan tsakuwa da suka nutse a cikinta, su ne ke cin wili.

Lauya_Aisha:
Dokokin hanya a taƙaice, don tara tana da ciwo. Keke dole ya kasance da birki biyu, ƙararrawa, da fitila fara a gaba ja a baya in dare ya yi. Yawancin kekunan tsere ba su da ƙararrawa, ku saya. A wajen gari da dare ko cikin hazo, rigar nan mai ƙyalli wajibi ce. Sa abin sauraro a kunne haramun ne tun 2015. Hular kwano doka ta wajabta wa yara 'yan ƙasa da 12 ne, amma babba ma kada ya bar ta. Za ku iya jerawa biyu, amma ku koma layi ɗaya in mota na son wucewa ko in duhu ya yi.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne fifikon dama. A cikin ƙauye, mahaɗar da ba allo ba layi a ƙasa, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ne kai kana kan babban titi. Lambar gaggawa 112.

Hajiya_Rabi_Freiburg:
Komawa: jiragen yanki, TER, suna ɗaukar keke kyauta, a rataye shi a ƙugiya ta wilin gaba. Amma masu saurin da ke tsakanin Strasbourg, Colmar, Mulhouse da Basel suna hana keke a sa'o'in zuwa aiki da tashi a ranakun mako. Ku duba jadawali ku zaɓi tsakiyar rana. Akwai kuma layin Strasbourg, Molsheim, Obernai, Barr, Sélestat da ke tafiya kusa da hanyar, in wani ya gaji ko keke ya lalace a rabin farko.

Zinder_Velo:
Wanda kwana uku ya yi masa yawa, Bourgogne, wani yankin inabi na Faransa, ta fi sauƙi. Daga Beaune zuwa Santenay kilomita 22 ne, ta Pommard, Volnay, Meursault da Puligny-Montrachet, a je a dawo yini ɗaya, a ga asibitin Beaune na 1443. Tudun bai kai na Alsace ba.

Dan_Gobir53:
Kilomita 22 ai ɗumama jiki ne ga mai keken tsere. In ƙari ake nema, daga Thann ko Cernay a hau Grand Ballon, dutsen da ya fi tsayi a Vosges, mita 1,424. A can kam na yarda, 39/25 ba za ta yi ba.

Malam_Idi_Mulhouse:
In za su ƙara Grand Ballon a ƙarshen Satumba, sai da rigar iska da safar hannu. Bambancin tsayi ya haura mita 900 daga Thann, zafi yana raguwa kusan digiri 6, ga gumi ga iskar gangara. Kwana na huɗu ne wannan, ba a liƙa shi a wutsiyar na uku.

Ummu_Fadila:
Wani ya san ko za su tarar da shamuwar nan ta kan rufin gidaje?

Tarihi_Tukuna:
Danginta ce, ba ita ba. Tamu da ke zuwa da damina baƙa ce mai farin ciki. Ta Alsace fara ce mai baƙin fiffike da jan baki. A 1974 ma'aurata tara kawai suka rage a yankin, aka yi aikin farfaɗo da su, akwai cibiyarsu a Hunawihr kusa da Ribeauvillé. Masu ƙaura suna tashi tun Agusta, su bi ta Spain su tsallaka Gibraltar, wasu har Sahel. A ƙarshen Satumba sheƙa da yawa babu kowa, amma akwai waɗanda suka daina ƙaura, za a ga ɗaiɗaiku.

Sani_Maradi:
Allah ya saka da alheri. Taya 28 mun yanke. Giyar baya abokina ɗaya ya ce nasa gajeren hannu ne, 11-28 kawai zai ɗauka. Bakanike, da 39/28 zai hau Haut-Koenigsbourg, ko mu bar shi mu yi Sigolsheim da Riquewihr?

Bakanike_Colmar:
39/28 juyi 1.39 ne. A kashi 6 zai hau in ya bar kaya a ƙasa. Masauki da yawa suna yarda a ajiye jaka, ku tambaya tun wajen kama ɗaki, ku tambaya kuma ko suna da ɗakin kulle keke, kada a bar shi a titi da dare. In faɗin da'irar ramukan ƙusoshin farantin gabansa milimita 130 ne, mai haƙori 38 ce mafi ƙanƙanta da zai ɗauka, ba wani bambanci. Sai dai a canza hannun feda gaba ɗaya zuwa 50/34, a sauko da mai canza giyar gaba kaɗan, a rage sarƙa. Ka turo hoton farantin da na giyar bayan, a ƙirga haƙoran tukuna.